Inshorar da na saya don biza, ƙafata ta gwada ta

Ba tsoron haɗari ne ya sa na sayi inshorar tafiya ba, biza nake nema. Dokar ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta ce sai mutum ya nuna inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, wadda za ta ɗauki jinyar gaggawa da kwanciya asibiti da mayar da shi gida, ko da rai ko gawa. Har na kai hannu kan mafi arha a intanet, yayana ya leƙo wayar.

"Tsaya tukuna. Su ke biyan asibiti da kansu, ko kai za ka biya su mayar maka daga baya?"

"Yaya, ai takardar biza ce kawai."

"To idan aka kwantar da kai, kuɗin tiyata a aljihun wa suke?"

Ban da amsa. Na koma na zaɓi wadda ta ɗan fi tsada, mai biyan asibiti kai tsaye, da lambar waya ta dare da rana.

Kwana huɗu da saukata Jamus, santsi ya kwashe ni a matakalar tashar jirgin ƙasa. Da kunnena na ji ƙarar idon sawuna. Wata mata ta kira 112, motar asibiti ta zo. Hoton ƙashi ya nuna karaya, likita ya ce sai tiyata. Ina kwance takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a leda, ma'aikaciya ta zo da fom tana tambayar wa zai biya. Takardar inshorar tana ninke cikin fasfo ɗina, da ƙyar na ware ta don hannuna rawa yake.

A nan kamfanin ya burge ni, kuma ba zan rage masa komai ba. Mutum ne ya ɗauki wayar, ba na'ura ba. Matar da ta ɗauka ta ba ni lambar fayil, ta nemi sunan asibitin, ta ce in miƙa wa ma'aikaciyar wayar. Kafin dare sun turo takardar alkawarin biya. Daga nan ba wanda ya sake yi mini maganar kuɗi har aka sallame ni. Wanda bai taɓa kwanciya ciwo a ƙasar da ba ya jin harshenta ba, ba zai san nauyin da wannan takarda ke sauke wa mutum ba.

Komawa gida ma sun tsaya mini. Kamfanin jirgi ya ce sai da shaidar likita cewa zan iya tashi, domin doguwar zama bayan tiyatar ƙafa na iya sa jini ya daskare a jijiya. Masu inshorar ne suka bi takardar, suka sauya tikiti, suka samo mini kujerar da zan miƙe ƙafa, da keken marasa lafiya a filin jirgi.

Inda suka ɓata mini rai shi ne mayar da ƙananan kuɗi. Magunguna da sandunan dogarawa ni na saya, na tura rasit, sai da aka shafe kusan wata uku. Sau biyu suna neman takardar da na riga na aika. Rasit ɗaya kuma rubutunsa ya goge, suka ƙi karɓa. Da na sani da na ɗauki hotonsa tun a ranar. Da kuɗin suka zo ma sai da aka cire wani kaso da yarjejeniya ta ce wanda ya sayi inshorar ne zai ɗauka. Yana rubuce, ni ne ban karanta ba. Sannan ina taka ƙasata inshorar ta ƙare, gashin ƙashin da na yi wata da watanni daga aljihuna ya fita.

A gadon asibiti na karanta ƙananan rubutun nan duka, jikina ya yi sanyi. Ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya, kamar hawan jini ko suga, idan bai faɗa musu ba, suna iya ƙin biya. Haka wanda ya tuƙa babur ba lasisi ko hular kwano, ko haɗarin ya same shi cikin maye. Mahaifiyarmu na tuna, da kwalaben maganinta. Kuma Yuro 30,000 ɗin nan ƙaramin mizani ne na biza: jirgin jinya na musamman, ko 'yan kwanaki a asibitin Amurka, na iya cinye shi.

Tafiyata ta gaba wurinsu na sake saye, amma na ɗaga adadin, na kuma rubuta musu cewa akwai ƙarfe a ƙafata. Lambarsu tana wayata, kwafin takardar yana hannun Yaya.