Rigar ceto ta soso: wacce ta dace da masu fito?

Sojan ruwan da ake ba lambar yabo don ya tsamo mutum daga teku ana tsakiyar guguwa, ba iya iyo kaɗai ya fisshe shi ba, har da rigar da ke jikinsa. Irin mai hura kanta, wadda ake sa wa ɗan tulun gas na giram 33, tana da kyau, amma duk hurawa ɗaya sai an sake tulu. Ina mai fito a kogin Haɗeja zai samo shi? Tamu ita ce ta soso mai ruwan lemo, wadda ake ta maganarta tun kifewar jirgin Bagwai a dam ɗin Watari a 2021.

Kafin ka taya, duba lambar da ke cikin rigar, mai nuna ƙarfinta na ɗaga mutum a ruwa. Mai 50N ta wanda ya iya ruwa ce, ba ta juya wanda ya suma. Mai 100N tana da soso mai kauri a ƙirji da abin tallafe ƙeya, shi ke ɗaga fuska sama. Ita ta dace da fasinja a dam da kogi. Wadda ba lamba ko kaɗan, ka bar wa mai kaya abinsa.

Inda masu arhar suka fi kasawa shi ne madauri. Da yawa zif ne kawai da igiyar ƙugu, babu wadda ke bi ta tsakanin ƙafafu. Da an faɗa ruwa sai rigar ta haye kunne, mutum ya zame ta ƙasa. Gwajin ba wuya: a ɗaure ta tamau, wani ya ja kafaɗun sama. In ta wuce haɓa, ta yi yawa. Yaro kuwa tasa daban ce, gwargwadon nauyinsa, ta manya ba ta riƙe shi. A sa ta a kan babbar riga ko hijabi, ba a ƙarƙashi ba.

Soson ma yana mutuwa. Masu jirgi kan mayar da rigunan matashin zama, ko su bar su a rana, sai ya lotse ya daina ɗaukar nauyi. Matsa shi da hannu, in bai taso ba ya gama aiki. A shanya a inuwa, nesa da jarkar fetur, a kuma duba usur da ɗinkin maɓallai kafin damina ta faɗi.