Gangar banda ta mai walda da talo-talon Ƙaramar Sallah

Gangar nan ba a kanti ake sayar da ita ba, kuma ba ta da sunan kamfani. Wani mai walda ne a bayan kasuwar Muda Lawal, nan Bauchi, yake ƙera ta da duron ƙarfe mai cin lita 200. Ya sa mata ƙafafu, ya yanka ƙofa a gindi, ya dasa bututun hayaƙi a kan murfi. Masu bandar kifi da masu gasa kaji ya saba yi wa, sai daga baya matan gida irina muka fara leƙawa. Ni abu ɗaya ya kai ni: ina son gasa talo-talo sukutum da hayaƙi ranar Ƙaramar Sallah, maimakon a daddatsa shi a tafasa a soya kamar kullum. Kuɗinta ya ɗan haura na talo-talon kansa. Ta yi aikin, naman ya yi daɗin da har yanzu ake zancensa a gidanmu, amma yadda take fitowa daga shagon ba ta gama haɗuwa ba, mai ita ne zai ƙarasa ta.

Cikinta hawa uku ne. A ƙasa kwandon gawayi na rodi, a tsakiya farantin ruwa, a sama ragar da nama ke kwanciya. Wurin mai tsire nama a bakin garwashi yake, nan kuwa akwai tazara, zafi da hayaƙi ne ke zagaye shi a rufe har ya nuna. Iska tana shiga ta ƙananan bututu uku a gindi, kowanne da marfinsa. Aka buɗe wuta ta tashi, aka rufe ta kwanta. A nan dai na yaba wa mai waldar, don bututun suna jin magana.

Tun kafin a yi ciniki na tambaye shi asalin duron.

"Malam, me aka zuba a cikinsa da?"

"Man girki ne, Hajiya. Ga tambarin nan ma ban kankare ba."

Duk mai son irin gangar nan ya yi wannan tambayar, kuma ya gani da idonsa. Durorin da ke yawo a kasuwa wasu baƙin mai suka ɗauka, wasu maganin ƙwari ko sinadarin fenti, kuma zafi yana tayar da abin da ya maƙale a jikin ƙarfe. Abu na biyu ragar. Wadda ya fara sa wa farar waya ce mai shafen zink, irin shafen kwanon rufi, wadda ba a son ta kusa da wuta da abinci. Da na ce a canza, sai ya ce, "Ai Hajiya kowa ita yake karɓa." Na ce to ni ban da ni. Bai ja magana ba, ya yi mini ta baƙin rodi, bai ƙara ko kwabo ba. Inda ya gaza shi ne alkawari. An yi da shi kafin azumi, ban ga ganga ba sai da azumi ya raba, kullum maganar ita ce babu wuta a layinsu.

Da ta iso, ƙanena ya cika ta da itace ya banka mata wuta ba komai a ciki, ta ci ta cinye. Fentin da aka shafa mata a waje nan take ya kumbura ya zube, da wari mai hawa kai. Fentin ƙofa ne kawai, ba mai jure zafi ba. Gara a ce wa mai waldar ya bar ta ba fenti. Bayan ta huce muka wanke cikin, muka shafe shi da man gyaɗa, aka sake hura mata wuta kaɗan har ya yi baƙi ya kama.

Talo-talon a wurin wata mai kiwo a Yalwa na saya da rai, bayan an yanka an fige ya tsaya a kilo 5. Da gangan na ƙi manyan. Ma'aikatar noma ta Amurka, ƙasar da ake cin tsuntsun nan a bikin godiyarsu na ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, shawararta ita ce wanda za a gasa da hayaƙi kada ya wuce fam 12, wato wajen kilo 5 da rabi, kuma kada a cusa masa komai a ciki. Dalilin shi ne wutar gangar a kwance take. Tsuntsu in ya yi girma, tsakiyarsa yakan daɗe tsakanin digiri 4 da 60 a ma'aunin Selsiyos, inda ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa. Gangar kanta ma da kyar za ta ɗauki wanda ya fi haka sosai ba tare da fiffikensa ya taɓa bango ba.

Namu talo-talon ba irin nasu ba ne mai faɗin ƙirji da aka kiwata a keji. Namu ya sha yawo a tsakar gida, cinyarsa da jijiya, kitsensa kaɗan. Shi ya sa jiƙa shi a ruwan gishiri ya zama dole: giram 50 zuwa 60 a kowace lita, da ɗan sukari, da dakakkiyar citta, tafarnuwa, kanumfari da masoro, ya kwana a ciki. A nan ne Bauchi ta nuna mini halinta. Ƙarshen Maris ne, zafi kamar ya tsaga kwano, firji kuwa ba abin dogaro ba ne, alhali ruwan nan dole ya zauna da sanyin ƙanƙara. Babbar kula na sa shi, na jera ƙanƙara a ƙulle cikin leda don kada ta narke ta salance ruwan, ina canzawa. Wanda ya taɓa neman ƙanƙara a garin nan a goman ƙarshe ya san ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne.

Ga kuma maganar wata, wadda babu littafin girkin Turawa da zai faɗa maka ita. Ba ka san ko azumi 29 za a yi ko 30 ba sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa da dare. Abin da ya fi shi ne a yanka da safiyar 29, a jiƙa da yamma. In an ga wata, shi ke nan. In ba a gani ba, a tsame shi da safe kada gishiri ya yi masa yawa, a tsane shi, a mayar cikin sanyi ya ƙara kwana.

Bayan sallar asuba muka tayar da wuta. Gawayin ƙirya na sa aka nemo mini, don ya fi daɗewa yana ci. An cika kwandon da wanda ba a kunna ba, aka hura ɗan kaɗan a kurfoti har ya yi ja, aka juye a kai, wuta ta riƙa cin hanyarta zuwa ƙasa a hankali. Ba kalanzir, ba leda, duk da cewa da su muka saba kunna gawayi, domin a rufaffiyar ganga warin kai tsaye cikin nama zai shiga. Na hayaƙi kuwa busasshen icen mangwaro ne, guntaye huɗu kamar dunƙulen hannu. Ƙanena ya so ya ƙaro reshen dogon yaro da ke ƙofar gida, na hana, ɗacinsa ba boyayye ba ne. Katakon kafinta mai fenti ko gam shi ma bai shiga. Da farko hayaƙin fari ne, mai kauri, mai sa hawaye. Sai da ya koma siriri, da kyar ake ganinsa, sannan muka ɗora tsuntsun, an goge fatarsa ta bushe, an shafa man shanu da kayan ƙamshi. Yajin ƙuli na ajiye shi sai a faranti, don sa'o'i a cikin zafi ƙona shi suke yi ya yi ɗaci.

Babban laifin gangar a nan ya fito. Mai waldar ya manna wani ma'aunin zafi mai allura a murfi, yana ta alfahari da shi. Ma'aunin nan ƙarya yake yi. Na sayi ƙaramin ma'auni mai batir da tsinken ƙarfe a shagon kayan kicin a Wunti, da na ajiye shi a kan raga, daidai inda naman yake, sai ga bambancin kusan digiri 20 tsakaninsa da na murfin. Wanda ya dogara da allurar nan zai iya sauke ɗanyen nama yana murna. Ƙofar gawayi ita ma ba ta rufuwa ruf. Iska tana kutsawa ta gefe, sai zafin ya haura ko an toshe bututu biyu.

"Adda, bari ki gani," in ji ƙanena. Ya kwaɓo laka a bayan gida ya liƙe gefen ƙofar kewaye. Ma'aunina ya sauko ya tsaya tsakanin digiri 120 da 130.

Daga nan ne na ga amfanin kuɗina. Maza suka tafi Idi, ni ina fama da masa da miyar taushe, ganga tana can gindin katanga tana aikinta. Ban ƙara gawayi ba har aka gama. Ruwan farantin kawai na ƙara, da tafasasshe, ta saman raga. Ba a yawan ɗaga murfi, duk ɗagawa zafi ne ke tsere wa, kuma hannun murfin ƙarfe ne tsura, sai da tsumma ninki biyu ake taɓa shi. Guntun katako da ƙusa biyu sun isa su gyara wannan, ban san abin da ya hana mai waldar sa wa ba. A tsakar gida ake ajiye ta, nesa da yara, ba a kicin ko zaure ba, saboda iskar gawayi a rufaffen wuri tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Ya ɗauki awa huɗu da rabi. A rabin awar ƙarshe na buɗe bututun duka uku zafin ya haura 160, don fatar da ta nuna a kwantacciyar wuta takan yi danƙo, ba ta taunuwa. Ban duba agogo don saukewa ba, tsinken na soka a tsokar ƙirji mafi kauri da cikin cinya, ban bar shi ya taɓa ƙashi ba. Ƙa'ida ita ce ko'ina ya kai digiri 74. Cinyar na bari ta kai 80, don jijiyar talo-talon gida sai a nan take saki. Ya fito ja-ja-wur zuwa ruwan ƙasa, yana sheƙi, na lulluɓe shi ya huta minti 30 kafin wuƙa ta taɓa shi.

Surukata ce ta fara karɓar faranti. Ta ɗaga yankan ƙirjin ta juya shi, ta ga ja-ja a ƙarƙashin fata.

"Ke 'yar nan, wannan ai da sauransa. Mayar da shi wuta."

"Ya nuna, Hajiya. Hayaƙi ne ya rina shi."

Haka abin yake: iskar da ke fita daga itace da gawayi tana haɗuwa da launin tsoka ta kafe shi, sai gefen naman ya zauna ja ko ya nuna lugub. Ba ta yarda da bayanina ba, sai da maigidan ya ci a gabanta. Ta ɗanɗana, ta yi shiru, can ta ce a ƙaro mata ta wajen cinya, a kuma ajiye wa Baffa nasa. Ƙirjin, wanda a suya yakan bushe ya tsaya a wuya, nan ruwa ne ke bin wuƙa. Ƙamshin mangwaron bai yi ƙarfi irin na kifi banda ba, ya tsaya daidai yadda yara ma suka ci. Fiffiken ne kaɗai ya bushe ya yi baƙi, don ya fi kusa da bangon gangar. Ƙasusuwan da wuyan na tafasa washegari, romon ya shiga miyar kuka.

Wajen rabo sai an yi hanzari. Dafaffen nama ba a barin sa a waje fiye da awa biyu, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ne, mu kuma Sallarmu a tsakiyar bazara ta faɗo. Na maƙwabta na sa yara suka kai tun da ɗuminsa, sauran ya koma kula.

Wanke ta akwai aiki. Kwandon gawayin ba ya fita ta ƙofar ƙasa, sai an cire raga da farantin ruwa an zaro shi ta sama, toka tana bin fuska. Nauyi gare ta kuma ba taya, mutum biyu ke ɗaga ta. Tunda fentin ya tafi, in damina ta same ta a waje tsatsa za ta cinye gindin, don haka rumfa na nema mata. Mai hayar ɗaki ɗaya, ko wanda ba zai iya tsayawa rabin yini a gida ba, ya kai tsuntsunsa wurin masu gashi ya huta. Wanda zai sa a ƙera masa kuwa, tun a wurin ciniki ya faɗi baƙar raga, hannun katako, ƙofa mai leɓe da sakata, a kuma rage masa kuɗin ma'aunin murfin ya sayi na kirki da kansa.

Na mayar wa mai waldar da tawa ya sa mata taya ya gyara ƙofar kafin Babbar Sallah. Na tambaye shi ko za ta ɗauki rago, ya yi dariya ya ce cinya biyu da awaza dai za su shiga, in ana son rago guda sai a kwantar da duro biyu a haɗe. Ya ce in dawo ranar Laraba. Ban tambaye shi wace Larabar ba.