Saitin sandunan golf na masu koyo: abin da ya biya kuɗinsa da abin da aka rage

Saitin da nake magana a kai shi ne irin wanda ake sayarwa a kwali ɗaya, an rubuta "guda 12" a jiki. Kada lambar ta ruɗe ka. Sanduna tara ne a ciki, jaka da hulunan rufe kan manyan sanduna biyu su suka cika lissafin. Akwai direba, wato doguwar sandar bugun farko, da wud mai lamba 3 na bugu mai nisa, da haibirid mai lamba 5, wadda ke tsakanin wud da ƙarfe, da ƙarafa huɗu daga 6 zuwa 9, da ficin-wej na gajeren bugu, sai fota ta jefa ƙwallo a rami. Doka ta yarda a ɗauki har sanda 14, amma mai koyo ko rabin haka ba ya buƙata. Na buga da shi rani da damina, kuma a ganina zai riƙe mutum shekara ɗaya ko biyu ta farko, muddin ya sayo sanda ɗaya da ba a saka ba, ya kuma daure ya ajiye wadda ta fi ɗaukar ido.

Ƙarafan su ne suka biya kuɗin saitin. An rarake bayansu an tura nauyin gefe da ƙasa, shi ya sa ko ƙwallo bai sami tsakiyar fuska ba, wato gefen da ke dukansa, kan sandar ba ya murɗewa sosai, ƙwallon zai tashi ya yi gaba ko da ya rage 'yan yadi. Gindinsu ma yana da faɗi, ba ya saurin nutsewa a ƙasa.

Da mai lamba 7 ake fara koyo. Tsawonsa wajen inci 37 ne, fuskarsa ta kwanta digiri 30 da 'yan kai, wanda ya fara kama hannu kuma zai riƙa samun yadi 100 zuwa 130 da shi. Ga mai buga da dama, ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, ƙwallo a tsakiya ko ya ɗan gusa hagu da faɗin ƙwallo ɗaya, hannuwa su ɗan riga kan sanda. Abin da ke yi wa kowa wuyar yarda shi ne ƙasa ake dukan ƙwallo don ya tashi sama. Sanda ta fara samun ƙwallon, sannan ta yanki ƙasa a gabansa. Kwanciyar fuska ita ke ɗaga shi, kai ba ruwanka. Mai koyo kuwa sai ya yi ƙoƙarin kwaso shi kamar mai ɗiban miya da ludayi, nauyinsa ya maƙale a ƙafar dama, sandar ta sauka kafin ta iso. Daga nan ɗayan biyu ne: ko ta dira a ƙasa taƙi guda bayan ƙwallo ya mirgina yadi ashirin, ko ta aske masa kai ya tafi da rarrafe. Na kusa za su ce "ka ɗaga kai". Yawanci ba kan ba ne, nauyin ne bai koma hagu ba. Maganinsa mai arha ne: shimfiɗa ɗan tawul kamar santimita 12 bayan ƙwallo, ka buga ba tare da ka taɓa shi ba. In ka gama bugu, kusan duk nauyinka ya kasance a ƙafar hagu, dunduniyar dama a sama, kan bel ɗinka na kallon inda ka nufa.

Riƙo kuma a yatsun hannun hagu yake, kada ya nutse cikin tafi. In ka duba ƙasa ka ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun, kusurwar da ke tsakanin babban yatsa da manuni tana nuna kafaɗar dama, to ka riƙe daidai. In jijiyoyin dantsenka sun fito, ka matse da yawa.

Direba ce na fi samun ƙorafi a kanta, kodayake rabin laifin na mai ita ne. Tsawonta wajen inci 45, fuskarta kusan a tsaye, digiri 10 zuwa 12. Haɗuwar waɗannan biyun ita ke mai da ƙaramin kuskure babba. Idan fuska ta iso a buɗe bisa hanyar da sandar ke bi, ƙwallon zai ɗauki juyi ya lanƙwasa dama ya faɗa daji, abin da 'yan wasa ke kira silayis. Mai koyo sai ya ƙara karkata hagu don ya gyara, lanƙwasar ta ƙaru. A riƙo ake fara gyarawa, sannan a wurin ƙwallo: saitin dunduniyar hagu, a ɗora shi kan ti, ɗan tsinken da ake kafawa a ƙasa, yadda rabinsa zai leƙo saman kan direba. Gorar wannan direba ta girafait ce mai laushi, ta dace da mai lilo a hankali. Amma ƙaƙƙarfan matashi, balle wanda ya saba wurga sandar ƙwallon dawaki, zai ji tana lanƙwasa masa kamar tsumagiya, ƙwallo ya tafi inda ya ga dama.

Shawarata a bar ta a jaka wata biyu ko uku, a riƙa tashi da haibirid, wadda ita ce sanda mafi sauƙin bugu a saitin gaba ɗaya. Lissafi ma yana bayan wannan. Rami mai yadi 360 da aka ƙayyade wa bugu huɗu, bugu uku na yadi 120 sun kai ka, biyu na fota sun jefa, biyar ke nan. Wanda ya yi ƙarin bugu ɗaya tak a kowane rami cikin 18 a fili mai ƙa'idar bugu 72 ya tashi da 90, makin da mutane da yawa ke shekaru suna nema da direba a hannu. Wud mai lamba 3 daga ƙasa, ba ti, ya fi duka wuya. Ba gaggawa a kansa.

Babban giɓin saitin shi ne rashin san-wej, sandar fita daga ramin yashi. Ficin-wej ɗin digiri 45 ne ko kusa da haka, gindinsa siriri, a yashi sai ya nutse ya bar ƙwallo a inda yake. San-wej digiri 54 zuwa 56 ne, kuma gindinsa yana da tudu wanda ke sa shi ya zame cikin yashi. Ɗan wasan Amurka Gene Sarazen ne ya fito da irinsa fili a 1932, shekarar da ya ci gasar Open ta Birtaniya. A ramin yashi ba ƙwallo ake duka ba: a buɗe fuska, a ɗan binne ƙafafu, a doki yashi santimita 3 zuwa 5 bayan ƙwallo, a ƙarasa lilo, yashin ya fitar da shi. Kada kuma sanda ta taɓa yashin kusa da ƙwallo kafin bugu, akwai tara. Na hannu ma ya wadatar, sai dai a duba tudun gindin. A ƙasarmu da rani fili kan bushe ya zama kamar daɓe, mai tudu digiri 12 ko fiye sai ya yi tsalle ya doki cikin ƙwallo, ya cilla shi bayan girin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ramin yake. Mai tudu digiri 8 zuwa 10 ya fi dacewa. A irin wannan ƙasa ma, in babu abin tsallakewa, gara a gangaro da ƙwallo da ƙarfe mai lamba 8: kashi ɗaya cikin uku a iska, sauran a ƙasa.

Fotar ba laifi. Kanta babba ne mai layi a sama, yana taimakon saiti, sai dai ta ɗan yi rashin nauyi a bugu mai nisa. Faɗin rami milimita 108 ne, kuma abin da ke jawo bugu uku a girin rashin auna ƙarfi ne, saiti na biye. Ajiye ƙwallo a mita 3, da 6, da 9, ka riƙa neman kowanne ya tsaya cikin mita ɗaya da rami. A lura da bambancin fili. Girin na ciyawa, irin na filin IBB a Abuja, yana da gudu kuma yana bin gangare. Wasu filayen Arewa kuwa burawun gare su, wato yashi gauraye da mai da ake sharewa a daidaita kafin a buga. Can ƙwallo na saurin mutuwa, sai a ƙara ƙarfi a rage lissafin karkata.

Inda aka yi tsimin kuɗi shi ne mariƙai da jaka. Robar mariƙan ba ta jure zafi, tana ƙandarewa ta yi santsi, mutum ya fara matsewa bai sani ba, silayis ya dawo. A wanke su da ruwan sabulu da burushi duk wata, a sauya su shekara-shekara, kuma kada a bar jaka a but ɗin mota da rana, don zafin na iya sassauta gam ɗin da ya riƙe kai da gora. Zip ɗin jakar yana cijewa da ƙurar hunturu, ɗan shafa kyandir yana sake shi.

Kafin a biya, a riƙe sandar a gani. An yanka saitin ne don matsakaicin tsayi, dogo sosai zai duƙa fiye da kima, gajere kuma hancin sandar zai ɗaga sama ƙwallo ya riƙa zuwa hagu. Bahago ya tabbatar na hagu aka ba shi. Ƙwallaye a sayi masu arha, masu sassa biyu, wato ciki da rufi, dozin biyu ma ba su yi yawa ba, tunda daga 2019 minti uku kacal doka ta bayar a nemi wanda ya ɓata. In an je wurin gwaji an karɓi kwando mai ƙwallo 50, a ba wej 15, mai lamba 7 ya sami 20, haibirid 10, biyar ɗin da suka rage a bai wa direba don a huce haushi, sannan a wuce wurin fota a yi minti ashirin.