Bindigata mai lamba 16: ga daɗin harbi, ga ciwon kan harsashi

Shekara shida ke nan da na sayi wannan bindiga mai baki biyu a hannun wani dattijo a Unguwar Sarki da ke Kaduna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, aka bi ƙa'ida aka mayar da lasisi da sunana. Ƙirar Beljiyam ce, kuma ta girme ni. Tun a ranar ya gaya mini cewa lamba 16 ce, ba 12 da kowa ke riƙewa ba, amma ina can ina shafa katakon gindinta, maganar ta bi ta bayan kunnena. Ya haɗa mini da kwali huɗu na harsashi, ɗari cif. Ga mai harbin zabin daji da korar birai a gona, ɗari sai ka ga kamar har jikoki za su gada.

Gaskiya ɗaya ce, a hannu ban taɓa riƙe irinta ba. Sai ka yini kana yawo da ita a kafaɗa ba ka ji ba. Bakinta milimita 16.8 ne, na lamba 12 kuwa 18.5, domin lambar a juye take, ƙaramar lamba ita ce babban baki. Harsashinta na ɗauke da dalma wajen giram 28, ba ya naushin kafaɗa irin na 12, kuma ba ya dagargaza nama. Makwarwa in ta faɗo, ta tukunya ce sosai, ba wadda uwargida za ta ɗaga da yatsa biyu tana tambayar ko mota ce ta take ta ba. Shekara huɗu ina yi wa abokaina 'yan 12 ba'a, ina ce musu igwa suke ɗauka don kashe kurciya.

Sai bara, masara ta yi goyo a gonata ta bayan Maraban Jos, birai suka gano hanya. Na buɗe akwati, harsashi biyu suka rage. Na tafi wurin dillali mai lasisi a cikin gari, na ajiye takarduna, na ce 16 nake so. Ya dube ni ya yi dariya. "Alhaji, 16 kuma? Wa ke tambayar 16 yanzu?" Bayansa kuwa kwalayen 12 ne jere har sama. Ya ce zai sa a nemo. Mako biyar ina bugun waya, yau gobe, yau jibi, birai kuma ba su san da wani jibi ba. Ranar da kwali ɗaya ya iso, kuɗinsa ya ninka na 12, na biya ban ko yi ciniki ba.

Washegari bayan sallar Asuba na isa gona tare da Baba, maharbin da ke duba mana wurin. Raɓa ta jiƙa mana wando har gwiwa. Ga su nan kuwa a gefen rafi, babban yana zaune a kan suri yana ɓare masarata kamar shi ya sayi taki. Na ɗura, na saita, na ja kunama. Ƙarar ba irin wadda na saba ba ce, ta buge ni a kafaɗa har haƙorana suka haɗu. Na karya bindigar in cire kwanso, kwanso ya ce bai san zancen ba. Sai da Baba ya yanko sanda siririya ya zura ta baki ya turo shi. Bakin kwanson duk ya yayyage kamar ɓera ya ci.

Baba ya karɓi bindigar, ya cire katakon gaba, ya juya ƙarfen ya goge da bakin rigarsa. Ya nuna mini wani ɗan rubutu da shekara biyar ban taɓa lura da shi ba, 65. Ya ɗauki kwalin ya nuna mini 70. Ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah. Ɗakin harsashin tsohuwar nan gajere ne." Ashe tsawon da ake rubutawa na kwanson ne bayan ya buɗe, shi ya sa mai milimita 70 ke shiga lafiya lau, sai an harba ya rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Wato ba 16 kawai zan riƙa nema ba, sai 16 mai 65. A Kaduna! Baba na da harsashi cike da jaka a ranar, amma duk 12 ne, ko ɗaya ba zai shiga tawa ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, ga ruwa ga ƙishirwa.

Da na ba ƙanena da ke aiki a Amurka labari, dariya ya yi, ya ce ko can haka masu libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, mai cin harsashin .41 Magnum ke fama. An fito da ita a 1964 don ta tsaya tsakanin .357 da .44, masu ita na rantsuwa da ita, amma sai ka zaga shaguna kafin ka ga harsashinta, alhali .38 da .357 ko'ina akwai. Na ce masa mu nan libarba ba ta talaka ba ce, dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, amma ciwon iri ɗaya ne.

To, me zan ce? Har yanzu in na ɗauko ta ina shafa mata mai, sai in ji ba zan iya rabuwa da ita ba, kuma ina nan a kan bakana cewa a harbin tsuntsu ta fi 12 daɗi nesa ba kusa ba. Amma da na tuna buhunan masarar da suka tafi cikin birai, sai zuciyata ta sake tashi. Wanda zai tsare gona da gaske, ya riƙe 12 ɗinsa, ya rabu da surutuna na da. Dillalin ma ya ƙi karɓar kwalin, wai an riga an buɗe, bayan shi bai tambaye ni tsawo ba, ni ma ban san ana tambaya ba. Ashirin da huɗun suna nan kulle a akwati tare da tsofaffin biyun nan da nake ta lallaɓawa. Bana dai yara biyu na ɗauka, da gwangwani da majajjawa, kuma babban birin nan har ya gane lokacin da suke tafiya cin abinci.