Karatu a Waje: Abin da Ɗalibin Damagaram Zai Auna Kafin Ya Zaɓi Ƙasa

Da zarar sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, ko yaro ya kammala lisansi a Jami'ar André Salifou, gidaje da yawa a Birni da Zango da Sabon Gari sukan shiga shawarar inda za a tura shi ya ci gaba. Tambayar da aka fi yi ita ce wace ƙasa ce ta fi, alhali akwai tambayoyi biyu da suka riga ta: shin diflom ɗin da zai dawo da shi za a karɓe shi a nan gida, kuma wa zai ɗauki nauyinsa daga watan farko har na ƙarshe? Da waɗannan biyun zan auna kowace hanya.

Mafi kusa ita ce Najeriya. Tsakanin Zinder da Kano kimanin kilomita 240 ne, abinci iri ɗaya, Hausa a kasuwa da masallaci, kuma idan yaro ya kwanta rashin lafiya mahaifiyarsa tana iya isa wurinsa a yini guda. Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da suna mai kyau. Sai dai a aji da Ingilishi ake koyarwa, wanda kuwa ya yi duk karatunsa da Faransanci yana bukatar watanni na koyon harshe kafin ya iya rubuta jarrabawa. Akwai kuma yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati, wanda a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Digirin farko a can shekara huɗu ne, lisansinmu kuwa uku, saboda haka mai neman masta ya tambayi jami'ar a rubuce ko za ta karɓe shi kai tsaye ko sai ya ƙara shekara. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025, ya fi aminci ɗalibi ya tafi da fasfo, kada ya dogara da cewa an saba wucewa ta Magarya ko Matamai ba tare da tambaya ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙasashen da muke kashe sefa ɗaya da su, irin su Senegal, Burkina Faso, Togo da Kodebuwa. Babu asarar canji, harshen karatu bai sauya ba, tsarin lisansi da masta da dakta shi ne dai wanda aka sani. Akwai makarantun da suka cancanci wahalar tafiya, kamar 2iE ta Wagadugu ga mai son aikin ruwa da makamashi, da makarantar likitancin dabbobi ta ƙasa da ƙasa a Dakar, fannin da jiharmu ta makiyaya take bukata ƙwarai. Matsalar tana wajen makarantu masu zaman kansu da suka yi yawa kamar jamfa a Jos, inda ake samun na kirki da na bogi a titi ɗaya. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya sami digiri a Kwatano cikin mako shida. Abin da ke raba gardama a nan shi ne CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska da aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, hukumar diflom-diflom take amincewa da su ɗaya bayan ɗaya, don haka makaranta tana iya rubuta sunan CAMES a allonta alhali fannin da ɗanku zai karanta ba ya cikin waɗanda aka amince da su. A nemi sunan fannin kansa a jerin hukumar kafin a biya ko dala.

Maroko da Aljeriya da Tunisiya sun daɗe suna karɓar ɗalibanmu ta hanyar burs, wato tallafin karatu, na haɗin gwiwa, wanda ake neman sa ta ANAB, hukumar burs ta ƙasa, a Yamai. Karatun kimiyya da injiniyanci da likitanci yana da inganci, akasari kuma da Faransanci. Kuɗin da ake ba ɗalibi a wata ba ya kai shi ƙarshen wata, musamman idan bai sami ɗaki a gidan ɗalibai ba, burs kuma ko daga ina yake yakan yi jinkiri. Gidan da ba zai iya aika wani abu a kai a kai ba ya faɗi gaskiya tun yaro bai hau jirgi ba.

A ganina, ga ɗan talaka mai ƙoƙari, babu abin da ya kai burs ɗin gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları. Yana biyan kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata, kuma ana fara wa ɗalibi da shekara guda ta koyon Turkanci. Ana buɗe nema a intanet daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kyauta ne, babu wanda ke da kujerar sayarwa. Mai neman lisansi ya kasance ƙasa da shekara 21, masta ƙasa da 30, dakta ƙasa da 35, likitanci kuwa sai mai maki kashi 90 cikin ɗari. Gasar tana da zafi domin duk duniya ake nema, kuma wannan shekarar harshe tana tsawaita zaman. Kada a haɗa wannan da Arewacin Saifurus, wanda dillalai kan tallata da sunan Turai. Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, rangwamen da suke kira burs bai shafi haya da abinci ba, aikin yi kuma ya yi ƙaranci.

Faransa ita ce mafarkin mutane da yawa, amma a yi lissafi da alƙalami. A 2025 bizar ɗalibi tana neman shaidar Yuro 615 a kowane wata, wato kimanin jika 403, tun da Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. A shekara abin ya kusan miliyan biyar. Tun 2019 aka sanya wa baƙi daga wajen Tarayyar Turai kuɗin rajista na Yuro 2,770 a lisansi da 3,770 a masta, an ɗan ƙara bayan haka, ko da yake wasu jami'o'in suna yafe wani kaso. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki awa 964 a shekara, wanda yake rage zafi amma ba ya riƙe mutum. Ga shi kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, lamarin da ya dagula neman biza ga duk wanda ke zaune a Nijar.

Masu neman ilimin addini da Larabci suna da Azhar a Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina, sai dai su tuna cewa a Say ma akwai Jami'ar Musulunci, kuma su tambayi yadda za a daidaita shahadarsu idan aikin gwamnati suke so. Khartoum ta kasance matattarar ɗalibanmu har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kamar yadda ɗaliban Afirka suka maƙale a iyakokin Yukiren a 2022. Wanda ya yi rajista a ofishin jakadancin Nijar ya karɓi katinsa na ɗan ƙasa mazaunin waje, shi ake iya nema a irin wannan rana. Fasfo ya zauna a hannun mai shi, ba a hannun makaranta ko mai gida ba, hoton kowace takarda kuma ya kasance a waya da wurin wani yaya ko kawu a gida, tare da kuɗin tikitin dawowa da ba a taɓawa.

Sai batun dillali. Akwai masu gaskiya a cikinsu, amma kusan duk abin da suke yi ɗalibin da ya iya kwamfuta zai yi da kansa. Idan dole sai da shi, kuɗin makaranta a asusun makaranta ake zubawa, takardar karɓa kuma a tabbatar da ita ta adireshin da ke shafin jami'ar, ba lambar WhatsApp da dillalin ya bayar ba. Duk wanda ya yi alkawarin biza tabbas, ko ya ce a tafi da bizar yawon buɗe ido a gyara a can, a bar shi. Tayin da ya haɗa karatu da aiki da albashi ga ƴan mata ya fi kowanne bukatar bincike: a 2024 kamfanin labarai na AP ya ba da rahoton matasan mata ƴan Afirka da aka kai yankin Tatarstan na Rasha da irin wannan alkawari, suka tsinci kansu a masana'antar jirage marasa matuƙa na yaƙi.

Shi ma ɗalibi akwai nasa nauyin. Al'adarmu ta karɓar saƙo a tasha ba ta da wuri a filin jirgi, domin abin da aka samu a jakarka naka ne a gaban shari'a. Ko kilishin da inna ta ƙulla da kyakkyawar niyya ba ya shiga Tarayyar Turai, an hana nama da madara. Kada ya ara wa kowa asusunsa na banki, kada kuma ya bari takardar zamansa ta ƙare kafin ya sabunta ta.

Da za a tambaye ni, yaron da ya fito daga lise yana ɗan shekara goma sha takwas ya yi lisansinsa a Zinder ko a Jami'ar Abdou Moumouni, sannan ya nemi masta a waje da burs, sai dai idan fannin da yake so babu shi a gida. Shekara biyu sun fi biyar sauƙin ɗauka, shi kuma ya ƙara hankali. Mai nufin burs ɗin Turkiyya na Janairu ya fara haɗa dosiye tun Nuwamba: fasfo, takardun maki da aka buga wa hatimin tabbatarwa, fassararsu idan an nema, da katin rigakafin cutar shawara. Takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta shi ba ita ce za a karɓa daga ƙarshe, domin wata uku kawai take aiki.