Gwajin zinariya a wani shago na Yamai: awon ruwa da na'ura

Duk mai kawo zinariya Yamai daga mahaƙar Komabangu ko ta Jado abu ɗaya yake son sani: garam nawa ne tsantsa a cikin dunƙulensa. Wani shago na kusa da Babbar Kasuwa yana gwaji iri biyu a gaban mai kaya, kuma hannunsu da kyau.

Da awon ruwa suke farawa. Su aza dunƙulen bisa ma'auni, sannan su rataya shi da zare cikin kofin ruwa, kada ya taɓa gindi, su karanta nauyin ruwan da ya ture, su yi lissafin raba nauyin dunƙulen da nauyin ruwan. Zinariya tsantsa 19,3 take bayarwa. Ma'auninsu yana karanta har 0,01 na garam, kuma sukan goge kumfar da ta manne wa dunƙulen kafin su karanta. Nan ne kuɗi ke zuba a wasu wurare. Dunƙulen garam 50 da ya ture ruwa garam 2,80 kara 21,7 ne idan gaurayensa azurfa ce (kara awon tsabtar zinariya ne, tsantsa 24 ce). In kumfa ko wani rami na ciki ya kai awon 2,85, ya koma 21,1. An ci mai kaya fiye da garam ɗaya ke nan, ba tare da kowa ya yi sata ba.

Sai dai ruwa bai san abin da aka gauraya ba. Kara 22 mai azurfa 18,0 take bayarwa, mai jan ƙarfe 17,6. Shi ya sa suke bi da na'urar XRF, wadda ke nuna kason zinariya, azurfa da jan ƙarfe cikin ƙasa da minti ɗaya. Ita kuma fata kawai take gani. Dunƙulen da aka wanke da asid, samansa ya fi cikinsa kyau. Ba sa huda shi sai an nema, kuma wannan sakaci ne. Ku ce su huda, su gwada garin da ya fito.

Gwajin wuta, wanda ake narka garam 0,25 da dalma da azurfa a zafin da ya haura digiri 1000, a cire azurfar da asid a auna abin da ya saura, babu shi a nan. Don ƴan kunne da ƙaramin dunƙule shagon ya isa. Mai rabin kilo kuwa ya karɓi takardarsu, ya kai samfur inda ake gwajin wuta kafin a yanke farashi.