Mai tara jimla ko mai saiti: wace kaunta ta dace da injin ruwan leda?

Alhaji, barka da ƙoƙari. Ka ce a kamfaninka na ruwan leda a Gusau lissafin da yara ke kawo maka da yamma ba ya daidai da ledar da aka ƙarar, kuma an nuna maka kaunta, wato na'urar ƙirga, iri biyu, ƙarama mai batir da babba mai maɓallai, ka rasa wacce za ka ɗauka.

A gindi aikinsu ɗaya ne. Sensa, wato na'ura mai jin giftawar abu, ko suwic na aiko da ɗan bugun lantarki duk sanda abu ya gifta, kaunta ta ƙara ɗaya. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce ke yi da ƙirgar.

Ƙaramar, irin su Omron H7EC, marubuciya ce kawai. Faɗinta milimita 48, tsawonta 24, lambobinta takwas, batirinta na ciki yakan kai wajen shekara bakwai. A ɗauke wuta, a tayar da janareta, ko a jikinta. Amma ba ta kunna komai, ba ta kashe komai, ba ta kuma ba sensa wuta, sai ka nema masa daga wani wuri. Abin da nake so game da ita shi ne ɗan suwic ɗin da ke kulle maɓallin mayar da ita sifili. Ka kulle shi, ka sa kwaɗo a akwatin, ka huta da zargi.

Babbar, kamar Omron H7CX ko Autonics CT6S, milimita 48 ce kowane gefe, ramin da za a yanka mata a allo 45 ne. Tana cin wuta daga bolt 100 zuwa 240, wanda alheri ne ga irin wutarmu mai hawa da sauka, tana kuma fitar da bolt 12 don sensa. Layi biyu ne a fuskarta: na sama abin da ta ƙirga, na ƙasa adadin da ka sa mata. Da sun haɗu sai rile ɗinta, wato ɗan suwic na cikinta da lantarki ke motsawa, ya motsa, ya kunna fitila ko ƙararrawa. Rile ne ƙarami, kada a ɗora masa motar lantarki ta inji kai tsaye, a bi ta kontakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai nauyi.

A nan ne saiti ke da daɗi, a nan ne kuma ake kwafsawa. Akwai haruffa da ke faɗa mata yadda za ta yi idan ta kai adadi. A kan N, za ta tsaya cak, rile ya riƙe har sai an danna sifili. A kan F, rile zai riƙe amma ƙirga ta ci gaba. A kan C, rile zai buga na ɗan lokacin da ka zaɓa, ita kuma ta koma sifili da kanta. Kai mai ƙwaya 20 a jaka, C ce taka: sa 20, ba rile rabin daƙiƙa, duk jaka ɗaya ƙararrawa ɗaya. Sai dai tunda tana share kanta, jimlar yini ta tafi ke nan, in ba samfurin mai ajiye jimla daban ba ne. Dabarar da nake yi ita ce in haɗa bakin rile ɗin da ƙaramar kaunta, sai ta riƙa ƙirga jakunkuna. Amma bakin da ya je wurinta kada ya ɗauki wutar ƙararrawa, a ƙara wani rile don wannan. A duba kuma saitin ajiya, don a wasu sai ka zaɓa kafin ta tuna ƙirga bayan ɗaukewar wuta.

Saitin gudu ya shafi dukansu, kuma shi ne ya fi jawo a ce kaunta maƙaryaciya ce. Za ka ga zaɓi na bugu 30 a daƙiƙa, da na dubu ɗaya ko dubu biyar. Mutum sai ya ga babban ya fi, ya zaɓa. To suwic na ƙarfe idan ya rufe yakan ɗan yi rawa, a kan dubu biyar kuwa kowace rawa ƙwaya ce, sai ka ga leda ɗaya ta zama uku. Injin da ke fitar da wajen 2,000 a awa bai kai ƙwaya ɗaya a daƙiƙa ba. Bar ta a 30.

Sensa kuma, ni dai mai jin ƙarfe nake sa wa injin leda, a saita shi 'yan milimita daga wani noti da ke motsi tare da wuƙar yanka. Mai aiki da haske yana ruɗewa da leda mai garai-garai, ga fallatsin ruwa, ga ƙurar hunturu. Aibin mai jin ƙarfe ɗaya ne: motsin inji yake ƙirgawa, ko ruwa ya yanke ledar ta fito wayam zai sa ta a lissafi, don haka a riƙa tara lalatattu a gefe ana cirewa. Wayoyinsa uku: mai launin ruwan ƙasa ta shigar wuta, shuɗiya ta komawarta, baƙa ta saƙo. A karanta jikinsa, NPN ne ko PNP, wato nau'i biyu na yadda sensa ke fitar da saƙo, a saita babbar kaunta daidai da shi, in ba haka ba ko ɗaya ba za ta ƙirga ba. Wayarsa kuma a raba ta da ta motar inji da ta hita.

Matsalar da ka kawo ta lissafi ce, Alhaji, ba ta cika jaka ba, yaranka da hannu suke zuba ashirin ɗinsu. Saboda haka ƙaramar ta ishe ka. Rubuta lambar da safe, rubuta ta da yamma, cire ta safe daga ta yamma, cire lalatattu, raba da 20, ka ga jakunkunan da ya kamata a loda wa mota. Ranar da ka sa bel mai kwashe leda, ka dawo mu saita babbar.